Ga masu neman tsofaffin finafinan Iran

'Yan uwa, in za ku nemi finafinan Iran na shekarun 1990, ku haɗa sunan darakta da shekarar fitowa, don sunan fim kaɗai yakan kai mutum wani wurin daban.

Ku fara da Bacheha-ye Aseman na Majid Majidi, 1997. Yaro ne a Tehran ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suka riƙa karɓa-karɓa da nasa zuwa makaranta don kada iyayensu su sani. Ba waƙa, ba rawa, amma wallahi yana taɓa zuciya, kuma za ku iya kallonsa da yaranku ba fargaba. Indiyawa sun sake yin labarin a 2010, ku tabbatar na Farisanci kuka samu. Masu jin Larabci, ku ƙara kalmar مترجم wajen binciken.