Yadda Ake Ɗaukar Kyamara a Doguwar Tafiyar Ƙafa da Jakar Goyo

Mai shirin tafiyar ƙafa ta kwanaki ko makonni, wanda zai goya tantinsa da jakar barcinsa da guzurinsa, yakan daɗe yana tunanin wace kyamara zai saya, alhali tambayar da ta kamata ya fara yi wa kansa ita ce a ina kyamarar za ta zauna a jikinsa yayin da yake tafiya. Kyamarar da aka cusa a ƙasan jaka ba ta ɗaukar hoto, domin wanda hawan tudu ya gajiyar ba zai yarda ya sauke kilo 15 daga bayansa ba saboda tsuntsun da zai tashi kafin a zuge zif. Don haka matakan nan duk sun rataya ne a kan abu ɗaya, wato kyamara ta kasance inda hannu zai kai gare ta nan take, kuma ruwa da ƙura da faɗuwa ba su same ta ba.

Matakin farko shi ne ka ɗora komai a kan sikeli. Masu doguwar tafiya sukan ba da shawarar kada jaka ta wuce kashi 20 cikin ɗari na nauyin mai ɗaukarta, ma'ana mai kilo 70 ya tsaya a wajen kilo 14, har da ruwan sha da abinci. Cikin wannan ne kyamara za ta nemi gurbinta. Ƙananan kyamarori na aljihu, irin su Ricoh GR III ko jerin Sony RX100, nauyinsu yana tsakanin giram 240 zuwa 300. Babbar kyamara ta masu sana'a kuwa, idan an ɗaura mata gilashin gaba, wato lens, irin na 24-70mm mai faɗin baki, takan haura kilo ɗaya da rabi, tun ba a lissafa batura da caja ba. A tafiyar yini guda wannan bambanci ba ya damun kowa, amma a hanya irin Camino de Santiago ta Sifen, wadda reshenta mafi shahara ya kusa kilomita 800, ko Pacific Crest Trail ta Amurka mai sama da kilomita 4,200, kafaɗa da gwiwa su ne za su biya kuɗin kowane giram. A ganina, kyamara matsakaiciya marar madubi a ciki, wadda ake kira mirrorless, da gilashi ɗaya tak mai zuƙowa da nisantawa, ta wadatar da yawancin matafiya. Gilashi na biyu kan wuni a jaka, kuma duk lokacin da aka cire ɗaya don a sa wani, an buɗe wa ƙura ƙofa.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne buƙatar natsuwa, shi ne zaɓen mazaunin kyamarar. Igiyar wuya da ke zuwa da ita daga kamfani ba ta dace da wannan aiki ba, domin kyamarar za ta riƙa lilo tana dukan ƙirji a kowane taku, igiyar tana goge wuya da gumi, kuma idan ka sunkuya don hawan dutse sai ta bugi dutsen kafin hannunka ya kai.

Hanyar da ta fi karɓuwa ita ce maƙalin ƙarfe da ake ɗaurawa a igiyar kafaɗar jaka, kamar samfurin Capture na kamfanin Peak Design. Ana ɗaure wani ɗan faranti a ramin sukurun da ke ƙasan kyamara, wanda girmansa rubu'in inci ne a kusan dukkan kyamarori, sai farantin ya zame cikin maƙalin ya kulle, ba ya fita sai an danna maɓalli. Ka ɗaura shi daidai ƙasan ƙashin wuya, gilashin yana kallon ƙasa, a ɓangaren da ke kishiyar hannun da kake aiki da shi. Amfaninsa sauri ne. Aibinsa kuwa biyu ne, kyamarar tana fili ga ruwa da ƙura, sannan idan ta yi nauyi takan janyo kafaɗa ɗaya ƙasa, abin da za ka ɗan rage ta hanyar rataya gorar ruwa a ɗaya igiyar. Sukurun yakan saki a hankali saboda girgizar tafiya, don haka ka riƙa ƙara masa ƙarfi kowace safiya kafin ka tashi daga zango.

Ga mai babbar kyamara, ƙaramar jaka mai soso da ake ratayawa a ƙirji ta fi dacewa, a haɗa ta da igiyoyin kafaɗa biyu daga sama, a kuma ɗaure ta daga ƙasa don kada ta yi tsalle. Tana raba nauyi daidai kuma tana kare kyamara daga yayyafi. Sai dai tana rufe maka ganin ƙafafunka, wanda haɗari ne na gaske a gangare mai duwatsu, kuma tana tara zafi a ƙirji. Ƙaramar kyamara kuwa ba ta buƙatar wannan duka, aljihun ɗamarar ƙugu ta jakar goyo ya ishe ta, muddin babu mabuɗi ko wuƙa a ciki da za su karce ta. Kowace hanya ka zaɓa, ka ƙara wata siririyar igiya da za ta haɗa kyamarar da jakar, domin hannun da ya yi sanyi ko ya jiƙe da gumi yakan saki abu ba tare da mai shi ya sani ba.

Akwai wuraren da dole kyamara ta koma cikin jaka, kamar tsallaka rafi, da hawan da ke buƙatar hannu biyu, da ruwan sama mai ƙarfi. A irin wannan hali ka sa ta a jaka mai hana ruwa wadda ake naɗe bakinta aƙalla sau uku kafin a kulle, ka lulluɓe ta da rigar sanyi, ka ajiye ta a sama kusa da bayanka, ba a ƙasa ba inda jaka ke dukan ƙasa idan an sauke ta.

Mataki na uku shi ne tanadin kariya daga danshi. Kada rubutun da ke cewa kyamara tana jure yanayi ya ruɗe ka, domin abin da ake nufi shi ne tana jure yayyafi da ƙura, ba nutsewa ba, kuma idan gilashin da ke kanta ba shi da irin wannan kariya, ruwa zai bi ta mahaɗarsu ya shiga. Maƙiyin da aka fi mantawa da shi shi ne raɓa. Idan kyamara mai sanyi ta shiga wuri mai ɗumi, kamar tanti ko ɗakin kwana na kan dutse, tururin da ke cikin iska yakan kwanta a kanta, ciki da waje. Maganin shi ne ka sa ta a leda ka kulle tun kana waje, ka bar ta ta ɗumama a hankali na kamar awa ɗaya, raɓar sai ta tsaya a jikin ledar. Ka ajiye 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi a jakar kyamarar, domin danshin da ya daɗe yakan haifar da funfuna a cikin gilashi. Ka kuma kula da maganin sauro mai sinadarin DEET, wanda yake narkar da roba, ka goge hannunka sosai kafin ka taɓa kyamara.

Daga nan sai lissafin wuta. Yawancin ƙananan kyamarori marasa madubi suna ba da hotuna 300 zuwa 400 a caji ɗaya bisa ma'aunin CIPA, wato ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, wanda kamfanoni ke bugawa. Ka ƙiyasta hotunan da kake ɗauka a yini, ka ninka da kwanakin da ke tsakanin wuraren da za ka sami lantarki, ka ƙara batir ɗaya a kai. Kyamarar da ake cajinta ta USB ta fi sauƙi, domin fawa bank mai 10,000mAh, wanda nauyinsa bai wuce kusan giram 200 ba, zai yi mata hidima tare da wayarka. Ka kashe Wi-Fi da Bluetooth, ka rage duba hotuna a allo da dare. Sanyi yana rage ƙarfin batirin lithium, saboda haka a wurare masu tsawo irin Kilimanjaro, mai mita 5,895, ka ajiye batura a aljihun ciki da rana, ka kwana da su cikin jakar barci. Idan tafiyar ta haɗa da jirgin sama, ƙa'idar ita ce batura na ƙari da fawa bank su kasance a jakar hannu, kuma wanda yawan wutar da yake ɗauka ya wuce 100Wh sai da izinin kamfanin jirgin.

Batun katin ajiye hotuna ba shi da wahala. Hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, a kyamara mai megafiksel 24 yakan ci wajen megabait 25 zuwa 30, don haka katin gigabait 64 zai ɗauki kusan hotuna 2,000. Katuna uku matsakaita sun fi babba guda ɗaya, domin idan ɗaya ya lalace ba a rasa tafiyar duka ba. Wanda ya cika ka ajiye shi tare da takardunka, nesa da kyamarar.

Maɗori mai ƙafa uku shi ne kayan da aka fi ɗauka a banza. Sai mai niyyar ɗaukar taurari ko gangarowar ruwa ne yake buƙatarsa da gaske, shi ma ƙarami na kan teburi ya ishe shi idan ya ɗora shi a kan dutse. Sauran lokuta jakarka da ka kwantar a ƙasa za ta riƙe kyamarar, ka saita ta ta jira daƙiƙa biyu bayan danna maɓalli don kada hannunka ya girgiza ta. Kayan tsafta kuwa, 'yar robar hura iska da ƙyalle mai laushi a cikin leda sun isa. Ka fara hure ƙura kafin ka goge, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle takan bar zane a gilashi. Idan canja gilashi ya zama dole, ka kashe kyamarar, ka juya wa iska baya, ka fuskantar da bakinta ƙasa.

Matakin ƙarshe kafin ranar tashi shi ne gwaji. Ka cika jakar da ainihin nauyin da za ka ɗauka, ka ɗaura kyamarar a mazauninta, ka yi tafiyar awa uku ko huɗu a wuri mai hawa da gangara. Ka lura ko maƙalin yana cizon ƙashin wuya, ko gwiwar hannunka tana bugun gilashi yayin da kake dogara sanda, ko za ka iya ciro kyamarar da hannu ɗaya ka mayar ba tare da ka duba ba. Inda ka ji ciwo, ka matsar da maƙalin sama ko ƙasa kaɗan, ko ka sa ɗan soso a bayansa, sannan ka sake gwadawa washegari da rigar ruwa a jikinka, domin kaurin tufafi yana sauya yadda igiyoyin ke zama.