Darasi na 6: Farantin Sola Mai Siririn Shafe a Lokacin Bazara

Haske ne ke ba farantin sola wuta, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Adadin wat da kuke gani a bayan faranti an auna shi ne lokacin da zafin jikinsa yake digiri 25. A Birnin Kebbi da Argungu, cikin watan Afrilu, zafin gari kan haura digiri 40, farantin da ke bisa rufin kwano kuma ya kai 65.

Wanda aka saba gani a kasuwa shi ne mai gida-gida, na silikon mai kauri. Mai siririn shafe ba shi da gidajen nan, launinsa ɗaya ne, baƙi ko ruwan ƙasa, domin sinadari ake shafawa a kan gilashi.

Mu yi lissafi da faranti mai wat 100. Daga 25 zuwa 65 digiri 40 ke nan. Mai gida-gida yana asarar kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, sai ya sauko wat 84. Mai siririn shafe na asarar 0.2 zuwa 0.3, ya tsaya tsakanin 88 da 92. Ribar gaskiya ce, amma ba ta kai yadda 'yan kasuwa ke zuzuta ta ba, ga shi irin na silikon marar tsari, wanda wani nau'i ne na mai siririn shafe, yana cin fili ninki biyu ko fiye kafin ya ba da wuta daidai da mai gida-gida. Irin nan ƙarfinsa kan ragu a watannin farko sannan ya daidaita. Ba lalacewa ba ce.

Wajen kafawa aka fi yin ɓarna. Kada ku manna farantin da kwano. Ku bar tazarar santimita 10 zuwa 15 iska ta ratsa ƙarƙashinsa, ya fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 12. Da yawa daga masu siririn shafe na fitar da bolt mai yawa, saboda haka a haɗa su da kwantirola (na'urar da ke daidaita cajin batir) mai MPPT, wato irin da ke mayar da rarar bolt ta zama caji. Ɗaya irin, mai PWM, zai zubar da rarar a banza.

A wanke ƙura da sassafe. Ruwan sanyi a kan gilashin da ya ɗau zafin azahar na iya tsaga shi, in ya tsage damshin damina ya shiga ya cinye shafen. Batir kuma a ajiye shi a ɗaki mai iska, don shi zafi ya fi saurin kashewa.

Aiki: faranti mai wat 200, asararsa 0.3, zafin jikinsa digiri 60. Wat nawa zai bayar?