Yadda ake koya wa yara ladabin zama a intanet ba tare da an mayar da aji wajen wa'azi ba

Duk shekara sai na ga sabon malami ya shiga aji ya rubuta "Illolin soshiyal midiya" a allo, ya jero guda goma, yara su kwafa su haddace su ci jarrabawa, da daddare kuma su ari wayar yaya su tura duk abin da ya faɗo musu. Ni ma da haka na fara, shi ya sa bana yi wa kowa dariya. Ba zan tsaya bayanin mene ne intanet ba, yaran ma sun fi mu sani. Ga yadda nake yi yanzu, da abin da na aro daga wasu ƙasashe da wanda na bar musu kayansu.

Na farko, ka san wayar wa suke riƙewa

Kafin ka koyar da komai, raba musu ƴar takarda, kar kowa ya rubuta suna. Tambaya uku kawai: wayar wa kake amfani da ita, da wane lokaci, kuma guruf nawa kake ciki. Za ka sha mamaki. A ajina yawancinsu wayar Umma ce ko ta yaya. Wannan yana da muhimmanci saboda darussan da ake saukowa da su daga Amurka an rubuta su ne don yaron da yake da wayarsa shi kaɗai da ɗakinsa, kuma suna ta maganar sai an kai shekara 13 kafin a buɗe akawun, wanda asalinsa wata dokar Amurka ce ta 1998 kan tattara bayanan yara. Toh yaron da yake shiga Facebook da akawun ɗin mahaifiyarsa me shekara 13 ta dame shi da shi? Shi darasinsa daban ne: duk abin da ka rubuta, da sunan Umma ya fita.

Na biyu, zaɓi hanyar da za ka ara

Ƙasashe sun rabu. Akwai masu hanawa: Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, Holan ta fitar da ita daga azuzuwan sakandare a Janairun 2024, Ostareliya ma ta wuce nan ta hana ƴan ƙasa da shekara 16 mallakar akawun a manyan shafukan sada zumunta daga Disambar 2025. Akwai kuma masu sa ƙarfinsu kan koyarwa. Istoniya tana da kwas na dole na awa 35 a babbar sakandare kan kafafen labarai da yadda ake juya tunanin mutane. Finlan kuwa a manhajar da ta fara aiki a 2016 ta watsa abun ne cikin duk darussa.

Mu nan hanawa mun riga mun iya, wane firinsifal ne ba shi da durowa cike da wayoyin da aka ƙwace? Amma ƙwace waya ƙarfe goma na safe ba ya koya wa yaro abin da zai yi ƙarfe goma na dare. Ita kanta Faransar da ta hana, duk watan Maris tana ware mako guda na aikin jarida a makarantu.

Ni dokata ita ce hanyar Finlan, kar ka nemi sabon firiyod. Ba za a ba ka ba, in ma an ba ka na ƙarshe ne ranar Juma'a lokacin da kowa hankalinsa ya tafi gida. Ka roƙi minti goma-goma wajen abokan aiki. Malamin lissafi ya nuna yadda ake ruɗin mutane da jadawali, malamin Hausa ya kawo kanun labari masu zuzutawa, malamin addini kuwa aikinsa ya fi na kowa sauƙi, aya ta 6 a suratul Hujurat tana nan kan bincika labari kafin a ɗauka, ga kuma ilimin isnadi, wa ya ji daga wa. Yaranmu sun san wannan tun daga islamiyya, kawai ba wanda ya taɓa haɗa musu shi da WhatsApp.

Na uku, gwaji da saƙo na gaske (nan ne ake faɗuwa)

Ka fara da ruwan gishiri. A watan Agustan 2014 lokacin Ebola, saƙo ya zagaya Najeriya cikin dare ɗaya wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane suka tashi iyalansu tun kafin asuba, wasu suka ƙare a asibiti, har aka rasa rayuka. Ina son wannan misalin ne saboda yaran da ke gabanka wasunsu an yi musu wankan suna ƙanana, ka ce su je su tambayi iyayensu, washegari ajin zai cika da labari. Sai ka tambaye su: wanda ya bugo wa Baba waya a daren nan mugu ne? A'a, kawu ne, don ƙauna ya yi. Daga nan suke gane cewa ƙarya ba lallai daga maƙiyi take zuwa ba.

Kuskuren sababbin malamai shi ne su ba da jerin "alamomin labarin ƙarya", wai ka duba ko akwai kuskuren rubutu, ko hoton ya yi dishi-dishi. Dan Allah ka bar wannan. Yanzu da manhajojin AI maƙaryaci ya fi ka iya rubutu mai tsafta. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada ɗalibai da malaman tarihi da ƙwararrun masu tantance labarai, sai suka ga ɗaliban da malaman suna zama su ƙura wa shafin ido, su kuwa ƙwararrun nan take suke barin shafin su je su duba me wasu suka ce a kansa. Toh abin da za ka koyar kenan, fita daga saƙon. Wa ya fara faɗa, yaushe, kuma wa ya sake faɗa wanda ba shi da alaƙa da na farkon. In hoto ne a sa shi a Google Lens a ga ko tsohon hoto ne daga wata ƙasa, in labari ne a duba ko BBC Hausa ko Aminiya sun kawo, ko Dubawa, shafin nan na masu tantance labarai, sun tantance shi. Ka nuna musu kibiyoyi biyun nan da ke saman saƙon da aka tura sau da yawa, ka gaya musu WhatsApp ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a 2019 ne bayan jita-jitar satar yara ta sa an kashe mutane a Indiya.

Maganar kuɗi kuwa, ba sai da furojekta ba. Waya ɗaya, ƴar data, da fotokwafin saƙon guda takwas, guruf-guruf su zauna. Ka sauke komai tun a gida saboda netwok zai ci amanarka daidai lokacin da ka ce "ku duba nan".

Yanzu ga inda na ƙone hannuna. Wata rana ina son misali mai zafi sai na ɗauki skirinshot daga guruf ɗin iyayen makaranta, wani saƙo ne na ƙarya kan wani magani, na yi fotokwafi na raba, ban lura sunan wanda ya turo yana sama ba. Mahaifin wata yarinya ne da ke layin gaba. Ajin ya kwashe da dariya, yarinyar ta kifa kai a tebur, sauran zangon nan bata sake ɗaga hannu ba, ni kuma sai da na je har gida na ba da haƙuri. Wato ina koyar da kar a tozarta mutum da skirinshot, ni na yi a gaban yara hamsin. Tun daga ranar bana amfani da saƙon da bai kai shekara ba, bana ɗaukowa daga unguwar, ina goge suna da lamba tun kafin fotokwafi, kuma zangon farko bana taɓa misalin siyasa ko rikicin addini ko kaɗan, domin da ka taɓa, darasi ya ƙare musu ya fara.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Mako uku ina kawo saƙonnin ƙarya zalla, sai wani yaro ya ce min "Malam ai komai ƙarya ne", har sanarwar ranar jarrabawa ya ƙi yarda da ita. Kaga ban koya masa tantancewa ba, na koya masa rashin yarda da kowa. Yanzu cikin saƙo biyar biyu na gaskiya ne, kuma ina zaɓo masu kama da ƙarya don su ruɗe.

Sai saƙon murya, wanda a darussan Turawan da na sauko ban cika ganinsa ba alhali mu shi ne babban ciwonmu. Ba a sa shi a Google. Ka kunna musu sau biyu, su rubuta: ya faɗi sunansa? Ya faɗi gari da rana? Ko dai "wani ɗan uwanmu da ke aiki a asibiti" ne? Ya rufe da "don Allah a tura wa kowa"? A Singafo matakai uku suke koya wa yara, ka lura, ka yi tunani, sannan ka aikata. Ni dai na mayar da shi: in saƙo ya sa gabanka ya faɗi, ajiye wayar ka sha ruwa tukuna.

Na huɗu, buɗe ƙofar kawo ƙara

Wannan kam kar ka tsallake. A Ingila kowace makaranta dole tana da malami guda da aka ɗora wa kula da lafiyar yara har da abin da ke faruwa da su a intanet, Ostareliya kuma tana da ofishi tun 2015 da zai iya sa a cire rubutun cin zarafin yaro. Kai a makarantarka ka samu malama ɗaya da malam ɗaya da yara suka yarda da su. Sharaɗi ɗaya ne, wanda ya kawo ƙara ba a dukansa. In yarinya ta zo ta ce wani yana barazanar yaɗa hotonta ka fara da "me ya kai ki", wallahi ba ita ba, ba ƙawayenta ba, ba mai sake zuwa. A ajiye shaida, kar a biya ko sisi, a kira babba a gida. Manyan aji ka gaya musu Najeriya tana da dokar laifukan intanet ta 2015, barazana a waya tana kai mutum kotu. Af, makarantar ma ta duba kanta, dokar kare bayanai ta 2023 tana maganar izinin iyaye kan bayanan yara, mu kuma muna ta ɗora hotunansu da sakamakonsu a Facebook don talla.

Sauran a gurguje. Lambar sirri da lambar da banki ke turowa ba a ba kowa, ko da ya ce daga banki yake, minti goma ya isa wannan. Iyaye kuma ka kama su a taron PTA, ka yi musu gwajin ruwan gishirin nan, kar dai ka nuna kamar su ne matsalar. In kana son ranar da firinsifal zai yarda a yi taro, akwai ranar tsaron intanet a watan Fabrairu, da makon UNESCO kan ilimin kafafen labarai na ƙarshen Oktoba wanda Abuja ta karɓi baƙuncinsa a 2022. Jarrabawa kuwa kar ka tambayi ma'anar komai, ba su saƙo uku da minti ashirin, kowa ya rubuta wanne zai tura, wanne ba zai tura ba, da inda ya duba.