Darasi Na 9: Ɗaura Keke A Mota Idan Za A Shiga Daji

A kan kwalta kowace kariya, wato ƙarfen da ake ɗora keke a kai a jikin mota, tana iya riƙe keke. Hanyar burji da ta daji kuwa sai an yi shiri, domin gargada ce ke kwance noti, ta tsinka igiya, ta goge fenti.

Kariyar keke iri-iri ce. Akwai mai igiya da ake ratayawa a murfin but. Ita ce mafi araha, amma ta cikin gari ce, kada ku shiga daji da ita. Akwai ta saman mota. Wannan tana nesa da ƙasa, sai dai tana ƙara wa mota tsayi, kuma reshen itace ba ya yi wa keke sallama. Mai akori-kura irin Hilux yana iya shimfiɗa katifa a kan ƙofar baya, ya rataya tayar gaba a waje, ya ɗaure.

Wadda ta fi dacewa da daji ita ce ake sokawa cikin bututun jan kaya da ke ƙarƙashin bamba ta baya. Bakin bututun mai kusurwa huɗu ne. Yawanci faɗinsa inci 2 ne ko inci 1 da kwata. Ku auna na motarku kafin ku je saye. Mai inci 2 ya fi ƙarfi. Ku zaɓi kariya mai faranti wanda tayoyi ke zama a kai, domin idan rataye kekuna aka yi, sai su yi ta lilo suna karo da juna. Ku duba kuma ta ɗaga sama sosai. Idan ta yi ƙasa, za ta daki ƙasa lokacin da mota ke fita daga kwari.

Nan karatunmu zai yi amfani. Kamfanoni irin su Thule na Suwidin da Yakima na Amurka suna rubuta iyakar nauyi a takardar kaya. Haruffan kg suna nufin kilo. Keken lantarki yakan wuce kilo 20, don haka a cire batirinsa a sa cikin mota. Wasu kamfanonin kan rubuta adadi na biyu, ƙarami, na hanyar daji. Da shi za ku yi aiki.

Wajen lodi, keke mafi nauyi ke zama kusa da mota. Kada taya ta kusanci bakin salansa, zafi yana narka roba. Kada kuma a rufe lambar mota ko fitilun baya. Bayan ɗan tafiya a gargada, ku tsaya ku girgiza kariyar da hannu. In ta motsa, ku ɗaure notin. Da an isa, a goge ƙurar kaca a sa mata mai.

Aikin aji: An rubuta 60 kg a takardar wata kariya. Kuna da keke 3, kowanne kilo 18. Nawa ne jimlar nauyinsu? Kilo nawa ya rage? Ku rubuta amsa a littafinku.