Yadda Ɗalibi Zai Shirya wa Karatun Jami'a ta Intanet

Ɗalibin da ke zaune a harabar jami'a yana da abubuwan da ke tura shi karatu ko bai so ba: jadawali na manne a bango, abokin ɗaki zai tashe shi, malami kuma zai lura idan kujerarsa ta daɗe babu kowa. Wanda ya shiga karatu daga nesa, ko irin wanda ake raba shi biyu, wani darasi a aji wani ta intanet, duk wannan ɗawainiya ta koma wuyansa. Shi zai yanka wa kansa lokaci, shi zai samar wa kansa aji, shi kuma zai sa wa kansa ido. Abin da ya fi kayar da ɗalibai a wannan tsari shi ne fara zangon karatu ba tare da an kammala wannan shiri ba, domin da zarar mako uku ya wuce a banza, kamo shi yana da wuya ƙwarai.

Kafin a biya ko sisi, sai a tabbatar da cewa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da jami'ar da kuma kwas ɗin da ake nema. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, tana da hedikwata a Jabi cikin Abuja da cibiyoyin karatu a jihohi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyarta ta karatu daga nesa. A jami'o'in tarayya irin waɗannan ana biyan kuɗi ta Remita, wato manhajar biyan kuɗi ta intanet, saboda haka duk wanda ya ce a tura kuɗin rajista cikin asusunsa na kansa, a yi nesa da shi.

Daga nan sai lissafin lokaci, kuma a ganina nan ne ya kamata ɗalibi ya fi daɗewa yana tunani. Kowane kwas yana da nauyinsa, kwas mai nauyi uku yana nufin kusan awa uku na darasi a kowane mako. Malamai da yawa suna ba da shawarar a ƙara awa biyu na bita a kan kowace awa ɗaya ta darasi. Idan aka bi wannan ma'auni, wanda ya ɗauki kwasa-kwasai masu nauyi 18 yana bukatar fiye da awa 50 a mako, wato ya zarce lokacin da ma'aikacin gwamnati ke yi a ofis. Ma'aikaci, ko ɗan kasuwa, ko matar aure mai renon yara, ya ɗauki takarda ya rubuta yadda makonsa yake tafiya a zahiri, har da zuwa kasuwa, da kai yara makaranta, da biki da ta'aziyya waɗanda ba a rasa su, sannan ya ƙirga awannin da suka rage. Idan 20 ne suka rage, ya yi rajistar mafi ƙarancin kwasa-kwasan da jami'ar ta yarda da su. Gara a ƙara zango ɗaya a kan shekarun karatu da a tara kwasa-kwasan da za a maimaita, ga asarar kuɗi ga karyewar zuciya.

Lokacin da aka ware ya zama tsayayye. Mutane da dama sun fi samun natsuwa bayan sallar Asuba, kafin gida ya tashi, wasu kuma bayan Isha'i. Kowanne aka zaɓa, a sanar da mutanen gida, domin a wurinmu wanda aka gani zaune da waya a hannu ana ɗauka ba ya komai, kuma aike ba ya wuce shi. Mace ta zauna da maigidanta tun farko su daidaita a kan ranakun da take da darasi kai tsaye da wanda zai riƙe yara a lokacin. Idan zangon ya ratsa watan Ramadan, a sake tsara jadawalin tun kafin a ga wata.

Batun kayan aiki bai kai yadda ake tsoratar da mutane ba. Waya mai kyau ta isa sauraron darasi da karanta littattafan kwas, amma rubuta doguwar maƙala ko aikin kammala karatu a kanta azaba ce, don haka a nemi kwamfutar tafi-da-gidanka ko da ta hannu ce, ko a san shagon intanet mafi kusa da lokacin da yake buɗewa. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, sai a tanadi batirin ajiya na cajin waya da fitila mai amfani da hasken rana. Layi biyu na kamfanoni daban-daban sun fi ɗaya, kuma a gwada su a ainihin ɗakin da za a riƙa karatu, domin sabis yakan yi ƙarfi a tsakar gida ya ɓace a cikin ɗaki.

Data ita ce kuɗin makarantar da ba a rubuta a takardar rajista ba. Awa ɗaya ta darasin bidiyo a Zoom tana iya cinye kusan gigabait ɗaya, amma idan aka kashe kyamara aka rage ingancin hoto, abin da ake kashewa yana raguwa sosai. Littattafan kwas na Buɗaɗɗiyar Jami'a suna nan a shafinta, ana iya sauke su gaba ɗaya a farkon zango, musamman da dare lokacin da kamfanonin sadarwa ke sayar da data da rahusa, a ajiye su a waya da kuma wani wuri na biyu. Wanda idonsa ke gajiya da allon waya ya buga babin da ya fi wuya a takarda.

Mako guda kafin a fara, ɗalibi ya shiga shafinsa na jami'a da hannunsa. Jami'o'i da dama suna amfani da manhajojin koyarwa irin su Moodle ko Google Classroom, kuma ba su da wuyar koyo idan aka ba su yini ɗaya. Ya nemo inda ake sanya sanarwa, da inda ake miƙa aikin gida, ya gwada mayar da rubutu zuwa PDF, ya gwada lasifika da kyamara da wani abokinsa. Adireshin imel ya kasance mai ɗauke da sunansa na gaskiya. Kalmar sirri kuwa kada ya bar ta a hannun mai shagon da ya yi masa rajista. Ya canza ta a ranar, ya rubuta ta a wurin da shi kaɗai ya sani.

A Buɗaɗɗiyar Jami'a aikin gida da ake yi ta intanet yana ɗauke da maki 30, jarrabawa kuma 70, kuma shafin miƙa aikin yana rufewa idan wa'adi ya cika. A rubuta ranakun rufewar a kalanda, a kuma ɗauka cewa wa'adin zai cika kwana uku kafin ainihin ranar, saboda a ranar ƙarshe kowa ke rububin shiga, shafin ya yi nauyi. Akwai masu karɓar kuɗi su yi wa ɗalibi wannan aiki, kuma abin yana damuna matuƙa, domin baya ga ha'incin da ke ciki, wanda aka yi wa aikin gida yakan isa zauren jarrabawa bai taɓa buɗe littafin ba. Zauren WhatsApp na 'yan aji yana da amfani wajen tunatarwa da bita, amma duk labarin ɗage jarrabawa ko canjin jadawali sai an tabbatar da shi a shafin jami'a ko a cibiyar karatu. Idan za a rubuta wa malami, a fara da sallama, a faɗi suna da lambar rajista da lambar kwas, sannan a yi tambayar a taƙaice.

Wanda karatunsa ya haɗa da zuwa aji, ko ɗakin gwaje-gwaje, ko koyarwar gwaji, ya samo ranakun tun farkon zango ya kai wa shugabansa na wurin aiki a rubuce. Jarrabawa ma a cibiya ake yin ta, wata a kwamfuta wata da biro da takarda, don haka mai zuwa daga wani gari ya ware kuɗin mota da masauki, ya buga takardar shaidar rajistar jarrabawa, ya haɗa ta da katin shaidarsa na ɗalibi a jaka ɗaya, kuma ya je ya ga zauren da idonsa kwana ɗaya kafin ranar.