Kurakuran da masu rubuta manhaja suka fi yi, da yadda ake kauce musu

Duk inda masu rubuta manhaja suka haɗu, hira ba ta daɗewa sai ta gangaro kan ƙorafi. Abin da ka ƙware a kai bara an ce ya tsufa. Oga ya yi wa mai aiki alkawarin sati biyu bai tambaye ka ba. Kamfanonin da ke ikirarin gyara duniya sun kasa riƙe ma'aikatansu. Galibin ƙorafin nan gaskiya ne. Sai dai na lura, a kaina da kuma abokan aikina, yawancin wahalar daga wuri guda take fitowa: mun yarda da abin da ba mu gwada da hannunmu ba.

Kuskuren farko shi ne gini a filin aro. Kamfani ya ce ga wurin ajiye manhaja kyauta, sai mutum ya kwashi komai ya jibge a can. Facebook ta sayi Parse, wani wurin ajiye bayanan manhajojin waya, a 2013, dubban manhajojin waya suka jingina da shi, aka rufe shi a Janairun 2017. Heroku, inda ɗalibai da yawa suka fara ɗora aikinsu, ya soke tsarinsa na kyauta a Nuwamban 2022. Mu a Najeriya abin ya zo mana biyu, domin a shekarar ne bankuna da dama suka mayar da abin da katin naira zai iya biya a waje dala 20 a wata, wasu ma suka dakatar gaba ɗaya. Ga kuɗi an sa, ga hanyar biya ta toshe. Ba cewa nake a guji kayan kyauta ba. Kafin ka shiga, nemi ƙofar fita: ta yaya zan kwashe bayanaina, kuma a wane tsari? Ajiye su a abin da ke aiki ko'ina, irin ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL, sannan ka tattara duk inda manhajarka ke magana da wancan kamfani a wuri ɗaya, yadda ranar tashi ɗaki guda za ka kwashe.

Na biyu ya fi wuyar gani. Muna janyo ɗakunan lambobi, wato guntayen manhaja da wasu suka riga suka rubuta don a haɗa a cikin tamu, kamar ana ɗiban ruwa a rafi, ba ma tambayar daga ina ya gangaro. A Maris 2016 wani mai suna Azer Koçulu ya yi fushi da npm, rumbun da ake ajiye irin waɗannan ɗakunan lambobin, ya janye kayansa, ciki har da left-pad, wanda layi 11 ne kacal. Manyan ayyukan da suka dogara da shi, irin su Babel, suka tsaya cik. A Disamban 2021 aka gano ɓaraka a Log4j, wani ɗakin lambobi da manhajoji masu yawa ke amfani da shi, duniya ta kwana tana faci, alhali 'yan sa kai ƙalilan ne ke kula da shi. Na Maris 2024 ya fi ba ni tsoro. Wani ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa mai kula da xz, wata manhajar matse fayiloli, har aka amince da shi, sannan ya dasa ƙofar sata a ciki. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya gano, kuma abin da ya ja hankalinsa jinkirin rabin daƙiƙa ne wajen shiga kwamfuta daga nesa. Mu nawa ne za mu tsaya bin diddigin rabin daƙiƙa, mu da muka saba da intanet mai tafiyar hawainiya? Gyaran ba shi da armashi, amma yana aiki. Kulle sigar duk abin da ka janyo, kada ta sauya ba ka sani ba. Duba wa ke kula da shi da ranar da aka taɓa shi a ƙarshe. Abin da za ka iya rubutawa kafin shayinka ya huce, rubuta da kanka.

Batun ajiyar ko-ta-kwana, wato kwafin bayanan da ake ajiyewa gefe, gajere ne. A ƙarshen Janairun 2017 wani ma'aikacin GitLab, kamfanin da ke ajiye wa mutane lambobin manhaja, ya goge ma'ajiyar bayanai bisa kuskure, aka juya kan hanyoyin ajiya sai aka tarar kusan duk ba sa aiki, bayanan kimanin awa shida suka salwanta. Duk wata, ɗauko kwafinka ka dawo da shi a wata kwamfutar ka gani da idonka.

Sai kuma "ɗan gyara". Na taɓa yi wa wani mai kantin magani manhajar lissafin kaya, muka yi ciniki da baki. Bayan sati uku ya kira ni.

"Injiniya, ɗan ƙaramin abu ne. Ka sa ta riƙa tura wa masu bashi saƙo."

"Ranka ya daɗe, wannan ai wani aikin ne daban."

"Haba ɗana, ba danne-danne ba ne kawai?"

Kunya ta hana ni musu. Wata huɗu na yi ina ƙara ƙananan abubuwa a kan kuɗin wata ɗaya, ina zagin sana'ar a zuci. Laifina ne, domin shi allon kawai yake gani, bai san maɓalli guda na iya cin kwana biyar ba. Yanzu shafi ɗaya nake rubutawa: abin da za ta yi, abin da ba za ta yi ba, da farashin duk ƙari. Dattawa ba sa jin haushin takarda idan ka gabatar da ita da ladabi tun kafin a fara.

Akwai kuma ɗaukar kamfani a matsayin dangi. Meta ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a Janairun 2023. Kafin su, a Satumban 2019, Andela, kamfanin da ke samar wa masu rubuta manhaja na Afirka aiki, ta sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a Najeriya da Kenya da Uganda. Yi aikinka tsakani da Allah, amma ka riƙa rubuta abin da ka gina a wurin da ba na kamfani ba, ka riƙe zumunci da tsofaffin abokan aiki, ka tara abin da zai kai ka 'yan watanni.

Kan ƙirƙirarriyar basira kuwa kuskure biyu nake gani, suna zaune a benci ɗaya. Wani ya kwafi duk abin da ta ba shi ya tura bai karanta ba. Wani kuma, da yake ya ga yadda aka zuzuta kuɗin kirifto har kasuwar cinikinsu ta FTX ta rushe a 2022, ya rantse wannan ma tatsuniya ce, ko buɗewa ba zai yi ba. Ni kamar yaron shago na ɗauke ta, mai saurin hannu amma ba ya cewa "ban sani ba". Takan ambaci ɗakin lambobin da babu shi sam, da cikakkiyar gadara. Ina ba ta aikin da zan iya tantancewa cikin minti goma, irin rubuta gwaji ko bayyana tsohuwar lambar da na gada. Duk abin da ya shafi kuɗin mutane ko kalmar sirrinsu, layi-layi nake bi, kuma sai gwajin da na rubuta da kaina ya wuce kafin in tura.