Yadda ake jan tirela daga Kano zuwa Legas a lokacin hunturu

Duk wanda ya taɓa kwana a kan mota a kasuwar Kwanar Gafan ta Kano cikin watan Janairu yana jiran a gama masa lodin tumatir ya san abin da nake nufi. Sanyi na shiga har ƙashi, gari ya yi fari fat, ga dillali a kanka yana cewa Oga ka taimaka kayan nan jibi da asuba su kasance a kasuwar Mile 12 ta Legas. Toh ƙanena, kai da aka miƙa wa makulli bana, ga yadda muke yi.

Fara da motar tun kafin a ɗora kwando ko ɗaya. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga wajen Chadi tun ƙarshen Nuwamba har Fabrairu ko Maris ba a hancinka kaɗai take tsayawa ba, inji ma shaƙarta yake yi. A ciro filtar iska a hure ta, in ta gaji a canza, kar ka yarda da "za ta kai mu ta dawo". Filta in ta toshe za ka ji mota ba ta da ƙarfi a hawa, tana baƙin hayaƙi tana shan gas kamar me. Batir ma a duba, wanda ke lallaɓawa da zafi to sanyin asuba ne ke tona masa asiri. Sai tayoyi, a auna iskarsu da safe kafin su ɗau zafi. Sannan kullum kafin ka tashi ka sa yaron mota ya ja zaren nan na ƙarƙashin tankin iskar birki ya zubar da ruwan da ya taru. Minti biyu ne amma yawancin yara sai an yi musu tsawa.

In ka tayar da ita da asuba kar ka hau totur nan take. Bar ta a silo, mai ya zagaya, iska ta cika, kai kuma ka sha shayinka.

Gilas kuwa kada ka kuskura ka kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, kankare shi za ta yi, da dare fitilar mai zuwa ta riƙa watsewa a idonka. Jarka guda ta ruwa da ɗan omo da tsumma mai laushi. A wanke gilas da madubai da fitilun gaba da na baya duk inda aka tsaya, musamman na bayan, don su ne ke gaya wa na bayanka cewa akwai mota a nan.

Yanzu ga babbar maganar, gudu. A dokar 'yan Road Safety tirela da tanka kilomita 60 ne a babban titi mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi. Amma wannan lissafin na ranar da gari ya washe ne. A kan 60 ɗin nan duk daƙiƙa ɗaya kana cin wajen mita 17, ga lodi a bayanka yana turo ka, ka taka birki sai iska ta kai sannan mota ta fara tunanin tsayawa. In hazo ya sauka har ba ka hango abin da ya wuce falwaya biyu uku ba, toh iya inda idonka ya tsaya nan ne iyakar gudunka, ka sauke giya. Ka bar fitila a dim, ful ba ya huda hazo, dawo maka yake yi a fuska kamar ka haska farin bango. Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, kuma kar ka maƙale wa jar fitilarsa kana cewa shi ne ɗan jagora, in ya faɗa rami tare za ku faɗa. Obatekin kuwa a haƙura da shi kawai har gari ya buɗe.

Ni abin da ya koya min hankali wata asuba ce bayan mun bar Mokwa za mu gangara gadar Jebba. Wajen kogin nan hazon daban yake, mai laima ne, yana kwanciya a kan kwalta. Ina tafe a hankali yarona na gyangyaɗi, sai na ga ganye a titi, reshe ɗaya, na biyu, kafin in ga na uku ga bayan wata gingimari ta mutu a tsakiyar hannuna, ba fitila ba komai, ƙura ta rufe jan fentin gaba ɗaya. Wallahi da ƙafata ta ɗan ƙara nauyi a totur da wani labarin ake yi. Direbanta na can gefe ya lulluɓa da bargo yana jin ɗumin wuta, ko a jikinsa. Don haka in taka ce ta lalace, ka yi iya yinka ka sauka daga kwalta, ka kunna trafiketo biyu, a sa weji, a kai alamar nan mai kusurwa uku can nesa ba gindin mota ba. Ganye a ƙara da shi amma shi kaɗai ba ya haske da dare. In abin ya fi ƙarfinka lambar Road Safety 122 ce.

Ga kuma masu ƙona daji suna farautar gafiya. In ka hango hayaƙi ya tsallaka titi, rage gudu tun daga nesa, ɗaga gilas, ka danna hon, don ba ka san me ke ciki ba, ko shanu ko ɗan acaɓa.

Ka tsara tafiyarka yadda tsakanin ƙarfe 3 na dare zuwa fitowar rana zai same ka a fake. Lokacin ne hazo ya fi kauri kuma lokacin ne barci ke sata. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, ba a yin ta da numfashi ɗaya. Ka san wuraren kwananka tun daga gida, Mararrabar Jos, Tafa, Mokwa, in ka sauka kudu Ogere, inda akwai 'yan uwa da mai shayi da masallaci, ba ka tsaya a dokar daji kai kaɗai ba. Dillali zai kira, zai sake kira, tumatir na laushi, gaskiyarsa ne don da an tsallaka Jebba zafi da laima sun fara cin kaya. Ka ce masa Alhaji ga inda nake, ga yadda gari yake, da ya washe zan tashi. Ƙwaya kuwa ba ta maganin barci, ido ne kawai a buɗe kai ya tafi. Goro da shayi ma na ɗan lokaci ne.

Wajen kwana, dan Allah kar ka shigar da kurfoti ko garwashi cikin kan mota ka rufe gilas. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, barci za ka ji mai daɗi shikenan. Bargo biyu, rigar sanyi, hula da safa sun wadatar. Wutar jin ɗumi kuma a yi ta nesa da motoci, balle inda tankoki suka jera, komai a bushe yake iska na kaɗawa. Mun ga abin da wutar tanka ta yi a mararrabar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025, mutum sama da 80 suka rasu. Tukunyar kashe gobara ta zama mai aiki, ba wadda ake ajiyewa don nuna wa jami'ai ba.

Jikinka ma ka kula da shi. Man kaɗe ko basilin a leɓe da dunduniya kafin faso ya hana ka taka kuloci, takunkumi ko rawani in za a sauka ɗaure tamfol, ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi. In mura ta kama ka ka tambayi mai kemis ko maganin na sa barci, da yawansu suna sawa, irin wannan sai ka yi fakin za ka sha. Kuma ka ajiye riga mara nauyi kusa, don kana wuce Ilori za ka fara cire na sanyin ɗaya bayan ɗaya, kafin Ibadan gumi kake yi.